Kuɗin lakwal da suka ɓata a hanya: labarin ƙasar Yuganda

Yau za mu tafi nesa da gida. Za mu ƙetare Cadi, mu ratsa Sudan da Sudan ta Kudu, mu gangara wata ƙasa ta gabashin Afirka da ake ce ma Yuganda. Babban birninta Kampala, kusa da bakin tabkin Biktoriya inda kogin Nilu ya fito. Turawan Ingila ne suka mulke ta, ta samu ƴancin kai cikin shekara ta 1962, shekara biyu bayan tamu. Abin da ya kai mu can magana ce ta kuɗin lakwal. Gwamnati ta riƙa fitar da kuɗi da sunan yara, kuɗin ba su isa makarantu ba, aka yi shekara biyar a haka, kuma yawancin uwayen yaran ba su ma san da zancen kuɗin ba.

Sai mun koma baya kaɗan kafin ku gane yadda haka ta faru. Cikin shekara ta 1971 wani soja mai suna Idi Amin ya yi juyin mulki, ya riƙe ƙasa da ƙarfin bindiga har 1979. Bayan faɗuwarsa ma ba a samu kwanciyar hankali ba, aka yi ta yaƙi da juyin mulki, sai cikin watan Janairu na 1986 da mayaƙan Yoweri Museveni suka kama Kampala. A tsawon waɗannan shekaru 15 hukuma ta kusan sakin makarantu. Kuɗin ƙasa sun lalace, albashin malami ba ya kai shi ko'ina. Uwaye ne suka ɗauki kayan. Kusan kowace makaranta tana da ƙungiyar uwaye da malamai, su ke yanka ma kansu kuɗi, su gyara aji, su sayi alli, su ƙara ma malami wani abu bisa albashinsa don kada ya gudu. Har zuwa 1991, fiye da rabin kuɗin da ake kashewa a makarantun firamare na gwamnati daga aljihun uwaye suke fitowa.

Da ƙura ta lafa, gwamnati ta ce za ta rage masu nauyi. Cikin 1991 ta yanka wani kuɗi da za ta riƙa ba kowace makaranta bisa yawan yaranta, ban da albashin malamai. Firamare a can aji bakwai ce, ba shida ba kamar tamu. Yaron da ke aji ɗaya zuwa aji huɗu an yanka masa shilin 2500 a shekara, wanda ke aji biyar zuwa aji bakwai shilin 4000. Kada yawan lambar ya ruɗe ku, shilin kuɗi ne marar nauyi. Wajen 1995, shilin 2500 bai wuce jikka guda da ɗan ɗori ba a kuɗinmu na sefa. Amma a makarantar ƙauye wannan shi ne kuɗin alli da kaye da littafin malami da gyaran benci.

Bari mu yi lissafi tare, kamar yadda muke yi a aji. Mu ɗauka ga wata makaranta mai yara 300, 200 a ƙananan aji, 100 a manya. Yara 200 sau 2500, shilin dubu 500 ke nan. Yara 100 sau 4000, shilin dubu 400. A haɗa, shilin dubu 900 ya kamata wannan makaranta ta samu kowace shekara. Ku riƙe wannan lamba, za mu komo gare ta.

A wancan lokaci kuɗin ba sa tafiya kai tsaye daga Kampala zuwa makaranta. Suna fita daga baitulmali, su sauka ofishin gunduma, sa'an nan magabatan gunduma su raba ma makarantu. Daraktan makaranta bai san ranar da kuɗi suka fito ba, sau da yawa bai san adadin da doka ta yanka masa ba. In ya hau keke ya tafi ofishi ya tambaya, aka ce masa ba su iso ba tukuna, da me zai musa? Kuma mutumin da zai musa ma shi ne shugabansa a wurin aiki.

Binciken shekara ta 1996

Abin da ya tayar da maganar wani abin mamaki ne da aka gani cikin takardun gwamnati kanta. Kuɗin da ake ware ma ilimi suna ta ƙaruwa kowace shekara, amma yawan yaran da ke makaranta, bisa ƙididdigar hukuma, yana nan inda yake. Ruwa ba ya tsami banza. Sai wasu ma'aikatan Bankin Duniya, cikinsu da wata mata ƴar ƙasar Finlan mai suna Ritva Reinikka da abokin aikinta Emmanuel Ablo, suka shirya da gwamnatin Yuganda a bi sawun kuɗin, kamar yadda makiyayi ke bin sawun dabbar da ta ɓata. Aka zaɓi makarantun gwamnati 250 cikin gundumomi 18. Aka aika mutane kowace makaranta su buɗe littattafan lissafi, su rubuta abin da ya shigo daga 1991 zuwa 1995, tsabar kuɗi ne ko kaya, sa'an nan a gwama da abin da ya fita daga baitulmali.

A nan akwai wani abu da nake so ku lura da shi. A ofisoshin gunduma, inda akawu da masu manyan takardu suke, lissafin a hargitse yake, wani wuri ma babu shi. A makarantu kuwa an tarar da littattafai a rubuce, shekara bi shekara. Dalili shi ne uwaye. Tun da su ke biyan kuɗi daga guminsu, sun saba tambayar darakta inda kowane shilin ya shiga, shi kuma ya saba rubutawa. Da ba don waɗannan littattafai na ƙauye ba, da binciken bai yiwu ba. An gwada irinsa a gidajen likita a lokaci guda, bai ba da lissafi mai kyau ba, don can ba a ajiye takardu irin haka ba.

To ga abin da aka tarar. Cikin shekarun nan biyar, in an haɗa makarantu duka an raba, kashi 13 bisa ɗari kaɗai na kuɗin ya isa makarantu. Wato cikin kowane shilin 100, shilin 87 sun tsaya a hanya. Makarantarmu ta ɗazu mai jiran shilin dubu 900, dubu 117 za ta gani. Wannan ma in ta yi sa'a, don lissafin raba-daidai yana ɓoye gaskiya: wasu makarantu kaɗan sun samu da dama, mafi yawa kuwa ba su samu ko shilin guda ba. A shekarar ƙarshe ta binciken, 1995, abin ya ɗan gyaru, amma duk da haka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Da aka duba waɗanne makarantu ne suka fi samu, sai aka ga ba faɗuwar ƙuri'a ba ce. Manyan makarantu masu yara da yawa sun fi samu. Makarantun da uwayen yaransu ke da ɗan hali sun fi samu. A irin waɗannan wurare ba a rasa wani uba da ya yi boko, ko wanda ya san wani a ofishi, ko mai kuɗin mota da zai yi ta sintiri har a gaji da ganinsa a sallame shi. Ƙauyen talakawa da ke can ƙarshen hanya, wanda don shi aka ƙago tallafin, shi ne aka fi ci ma haƙƙi. Gwamnati ta yanka ma kowane yaro daidai, amma rabon da ya isa ƙasa ya bi ƙarfin bakin uban yaro.

Ina kuɗin suka tafi? Masu binciken sun nuna cewa a gunduma suke maƙalewa. Wasu an juya su zuwa hidimomin da ba su shafi makaranta ba, wasu sun shiga aljihu, wasu sun tafi wajen siyasa da sallamar magoya baya. Albashin malamai bai sha irin wannan wahala ba, don malami ya san nawa ne albashinsa, in wata ya ƙare bai gani ba zai yi magana. Amma ko a can akwai ɓaraka. Da aka tace takardar albashi cikin 1993, an tarar kusan suna ɗaya cikin biyar na malamin da babu shi ne, wani ke karɓa da sunansa.

Ƙididdigar yara ma da ta tayar da binciken ashe ba daidai take ba. Littattafan makarantu sun nuna yara sun ƙaru da kusan kashi 60 bisa ɗari tsakanin 1991 da 1995, alhali takardun Kampala suna cewa ba su motsa ba. Hukuma ba ta san inda kuɗinta suke ba, ba ta kuma san yawan yaranta ba.

Abin da gwamnati ta yi

Gwamnatoci da yawa in aka kawo masu irin wannan takarda, aljihun tebur take shiga. A wannan karo ta Yuganda ba ta yi haka ba, kuma ya kamata a faɗa. Maimakon ta tsaya ga aika masu bincike daga sama, waɗanda su ma ana iya toshe masu baki, sai ta ce a gaya ma masu kuɗin. Daga wajen 1997, duk lokacin da baitulmali ya saki kuɗin makarantu, sai a buga a jarida: gunduma kaza, shilin kaza, ranar kaza. An buga cikin manyan jaridun ƙasar na Turanci, New Vision da Monitor, da kuma waɗanda ake bugawa cikin harsunan ƙasa. An faɗa a rediyo. Aka kuma umurci ofisoshin gunduma da makarantu su liƙa takarda a bango, inda kowa zai gani, mai nuna abin da suka karɓa.

Ku dubi yadda wannan ya juya zancen. Daraktan da a da ake ce ma kuɗi ba su iso ba, yanzu yana shiga ofishi da jarida a hammata. Ya san adadin yaransa, ya san abin da aka yanka ma kowane yaro, ya san ranar da kuɗi suka bar Kampala. Shi ma kuma bai tsira ba, don uwaye suna iya tsayawa gaban takardar da ke bangon makarantarsa su tambaye shi.

A daidai wannan lokaci wani babban abu ya faru. Wajen yaƙin zaɓen shugaban ƙasa na 1996, Museveni ya yi alkawarin karatun firamare kyauta ga yara huɗu na kowane gida. Cikin Janairu na 1997 aka fara, daga baya aka buɗe ma kowane yaro. Cikin shekara guda yawan ƴan firamare ya tashi daga kusan miliyan 3 zuwa fiye da miliyan 5. Tun da an hana karɓar kuɗi daga uwaye, tallafin gwamnati ya zama shi ne ran makaranta. Aka ƙara shi: shilin 5000 ga yaron aji ɗaya zuwa uku, shilin 8100 ga na aji huɗu zuwa bakwai. Cikin 1998 kuma aka yafe ma Yuganda wani kashi na bashin da ƙasashen waje ke bin ta, bisa sharaɗin kuɗin su tafi wajen talakawa, masu ba da agaji suka sa ido sosai.

Cikin 2002 aka koma makarantun nan, aka sake buɗe littattafai. Aka tarar a shekara ta 2001 fiye da kashi 80 bisa ɗari na kuɗin sun isa. Shekara shida kafin nan ba su kai kashi 25 ba.

Reinikka da wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Jakob Svensson, sun so su san ko jaridar ce ta yi aikin. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce. Suka auna nisan kowace makaranta da wurin da ake sayar da jarida mafi kusa, suka kuma yi ma daraktoci tambayoyi bisa ƙa'idar tallafin da lokacin fitowarsa. Daraktocin da ke kusa da mai sayar da jarida sun fi sanin amsa, kuma makarantunsu ne rabonsu ya fi ƙaruwa. Kafin a fara bugawa, kusanci da mai jarida bai sa wata makaranta ta fi wata samu ba.

Labarin ya zagaya duniya, aka yi ta kwaikwayon binciken a ƙasashe da yawa, har wasu suka riƙa faɗinsa kamar jarida kaɗai ta kori ɓarayi. Cikin 2007 wani mai bincike, Paul Hubbard, ya ja hankali cewa a yi hattara. Ya tuna ma mutane cewa abubuwa da yawa sun sake a lokaci guda: karatu kyauta, sabuwar dokar ƙananan hukumomi ta 1997, sabuwar hanyar aika kuɗi mai sharaɗi, da idon masu ba da agaji. Ya kuma nuna cewa tun da tukunyar ta girma ƙwarai, kashi ɗaya cikin biyar na babbar tukunya ba ƙaramin nama ba ne. Ni a ganina yana da gaskiya, amma gaskiyarsa ba ta kashe ta farko ba. Takardar da aka liƙa ta yi aiki don akwai gwamnatin da a lokacin take son a karanta ta, akwai kuma uwayen da suka yi shekara 20 suna tambayar lissafi. Da an liƙa ta inda ba mai iya karatu, ko inda mai tambaya zai kwana a gidan kaso, da gara ce kawai za ta amfana da ita.

Kuɗi sun iso, saura karatu

Uba ba don alli yake aika ɗansa lakwal ba. Da kuɗi suka fara isowa sai wata tambaya ta taso, wadda ta fi ta farko wuya: yaran suna koyon wani abu? Ajujuwa sun cika maƙil, a wasu wurare yara fiye da 100 gaban malami guda, wasu a gindin itace. Wajen 2002 da 2003 wasu masu bincike suka riƙa kai ziyarar ba-zata makarantun ƙasashe da dama. A Yuganda sun tarar malami 27 cikin 100 ba ya nan a ranar aiki.

A wancan lokaci labari guda da uwaye ke samu bisa aikin makaranta shi ne sakamakon jarrabawar ƙarshen aji bakwai. In ya fito, jaridu su cika da sunayen makarantun da suka yi fice da hotunan yaran da suka zo na ɗaya. Wannan ma sanarwa ce ga jama'a, amma ta zo da nata ciwo. Daraktan da ya san za a buga sunan makarantarsa yana da hanya biyu: ya koyar da yara duka da kyau, ko ya hana masu rauni shiga jarrabawa. Ta biyu ta fi sauƙi. Sai a tsare yaro a aji shida, ko a rubuta sunansa a wata makaranta, ko a matsa ma uwayensa su ɗauke shi. Satar jarrabawa ma ta samu kasuwa. Kuma jerin ba ya gaya maka komi bisa yaran da suka bar makaranta tun aji uku, su kuwa suna da yawa. Maƙwabciyarsu Kenya ta ga irin wannan har ta hana jera makarantu bisa sakamako cikin 2014.

Wasu suka ce to a bar jiran jarrabawar gwamnati, a je gida gida. Dabarar daga Indiya ta fito, inda wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara ta cikin 2005. A gabashin Afirka aka sa mata suna Uwezo, wato iyawa da harshen Suwahili. Ta fara a Kenya cikin 2009, ta shiga Yuganda cikin 2010. Ƴan sa-kai ne ke shiga gida, su zauna da yaro gaban uwayensa, su miƙa masa ɗan gajeren labari da lissafi irin na aji biyu. Ko uban da bai yi karatu ba yana gani da idonsa in ɗansa ya kasa. Rahoton 2011 ya ce cikin yara goma na aji uku a Yuganda, tara ba su iya karanta labarin Turanci na aji biyu su gane shi ba.

Lambar ta girgiza mutanen birni, aka yi ta muhawara a rediyo. A ƙauye fa? Wasu masana uku sun bi ƙauyukan Kenya inda aka gwada yara aka gaya ma uwaye sakamako, har aka bar masu takardun shawara, suka gwama su da ƙauyukan da ba a je ba. Abin da suka buga cikin 2014 shi ne ba su ga wani bambanci ba. Uwayen da aka gaya ma ba su fi sauran zuwa makaranta ko tayar da magana ba.

Me ya sa jarida ta yi aiki bisa kuɗi, amma wannan bai yi ba? Ku gwama labaran biyu. Na farko yana cewa: shilin kaza naka ne, suna hannun wane, tun ranar kaza. Akwai adadi, akwai ƙofar da za a buga, kuma darakta da malamai da uwaye duk bakinsu ɗaya, don kowa zai amfana in kuɗin sun zo. Na biyu yana cewa: ɗanka bai iya karatu ba. Laifin wa? Na malami, ko na wanda ya zuba yara 100 a aji guda, ko na yunwa, ko na harshen da ake koyarwa da shi wanda yaro ba ya ji a gida? Kuma a nan wanda za a tuhuma shi ne malamin da ke zaune cikin gari, mai ilimin da uba ba shi da shi. Uba ya ji, ransa ya ɓaci, ya koma gona.

Wani gwaji da aka yi a makarantun ƙauye 100 na Yuganda wajen 2010 ya ƙara haske. A wasu makarantu an ba kwamitin makaranta takardar sa ido wadda masana suka shirya, aka ce su riƙa cikawa. A wasu kuwa an tara uwaye da malamai aka ce su da kansu su zaɓi abin da za su riƙa dubawa. Takardar masana ba ta sake wani abin kirki ba. Inda mutane suka shirya tasu, fashin malamai da na yara ya ragu, sakamakon yara kuma ya ɗan tashi.

A nan gida

Wannan magana ta taɓo mu, don mu ma an gwada. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Nijar ta kafa kwamitocin kula da makaranta da kuka sani da sunan COGES, waɗanda daga baya aka sake ma suna CGDES. Cikin 2004 wani shiri da ƙasar Japan ta tallafa ya fara aiki da su a jahar Tahoua: a zaɓi wakilan uwaye da ƙuri'ar asiri, a tara gari a tsara aikin shekara, a komo a ba da lissafi gaban jama'a. Daga Tahoua tsarin ya bazu ƙasa duka.

A ƙarshen 2007 aka ɗauki makarantu 1000 a jahohin Tahoua da Damagaram, aka yi ƙuri'a, 500 suka samu kuɗi a hannun kwamitinsu, abin da bai kai jikka guda ba ga kowane yaro. Wasu mata biyu masu bincike, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, suka bi abin da ya biyo baya. Uwaye sun tashi tsaye, sun ƙara zuwa taro, an yi gini da gyara, ƙananan yara sun fi zama a makaranta. Amma sakamakon yara bai tashi ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Masu binciken suka ce uwayen suna da niyya, iko ne ba su da shi. Manomi yana iya kafa rumfa, yana iya sayo tabarma, amma ya ce ma mushe don me ba ka zo jiya ba, wannan sai mai jin ƙafarsa ta taka ƙasa. Daga baya an sake wani gwaji a jahar Tillaberi, inda aka haɗa kuɗin da horo, aka gwada yara, aka kai sakamakon gaban taron gari don a san inda za a sa kuɗin. A can an ga yara sun ci gaba. Inda aka ba da kuɗi kaɗai ba a gani ba.

Akwai kuma babban awo da ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci ke yi tare, ana ce masa PASEC. A na 2014, cikin ƙasashe 10, yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba da suka iya karatu yadda ya kamata. A na 2019 sun kai kusan uku cikin goma. Rahotannin manyan littattafai ne da Faransanci, kuma ba su faɗin abin da ke faruwa a makarantar garinku, lissafin ƙasa da na jahohi suke bayarwa. Na garinku yana hannun darakta da kwamiti: yara nawa aka rubuta bana, nawa suka rage, kuɗi nawa suka shigo, kaye da littafi nawa aka kawo, yara nawa suka iya karanta layi guda.

Wanda ake karanta irin wannan lissafi a taron garinsu, ya rubuto mana. Ya gaya mana ko ana liƙa takardar a bango ko da baki kawai ake faɗi, da wane harshe aka rubuta ta, da kuma ko mata suna zuwa taron. Za mu buga wasiƙun da sunan gari.